Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙosai a Bakin Tekun Bahiya

A makon jiya na tsaya ne inda motarmu ta shigo birnin Salvador da ke jihar Bahiya ta ƙasar Birazil, bayan mun shafe fiye da kwana guda a hanya daga Riyo. Ba ni da kaya sai jakar goyo, sai 'yan kalmomin Fotugisanci da ba su wuce gaisuwa da tambayar kuɗi ba. Na kama gado a wani masauki mai araha a tsohon gari, mu takwas a ɗaki, na yi sallah, na fita.

Garin hawa biyu ne, wani a kan tudu, wani a bakin ruwa. Abin da ya haɗa su wata doguwar hasumiya ce mai lif a ciki, Elevador Lacerda, tsayinta mita 72, tun 1873 take jigilar mutane. Na sauka, na zaga kasuwar Mercado Modelo, na dawo sama.

Ina tafe a kan titin duwatsu sai wani ƙamshi ya tsayar da ni cak. Wallahi ƙamshin ƙofar gidanmu ne a Zariya da sassafe. Na waiga, sai ga wata dattijuwa baƙa, sanye da fararen kaya da ɗaurin kallabi, tana buga ƙullin wake da muciya tana sakawa a kaskon manja. Ƙosai! Su acarajé suke ce masa, kuma duk wanda ya san akarar Yarbawa ya ji inda sunan ya fito. Nasu ya fi namu girma. A tsaga shi gida biyu, a cusa masa miyar kuɓewa mai kauri da busasshen jatan lande da yaji. Ta tambaye ni wani abu, ban gane ba, sai ta nuna barkono. Na ɗaga kai. Da na ce mata Najeriya, ta dafa ƙirji, ta ƙara mini ɗaya kyauta. Na ci a tsaye, idona na kawo ruwa, don Inna ce kawai ta faɗo mini a rai, ita da ta yi shekaru tana suyar ƙosai ta biya mana kuɗin makaranta.

Unguwar sunanta Pelourinho. Gidaje masu launin shuɗi da rawaya, samari na kiɗan ganguna, wasu na wasan capoeira mai kama da kokawa da rawa a haɗe, yara na bin baƙi da zaren ɗaurawa a hannu. Kowa hoto yake ɗauka. Amma ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Tun da na ji haka, ban ƙara iya ɗaga wayata a dandalin ba.

Abin da ba a taɓa koya mini a makaranta ba shi ne Hausawa sun taka waɗannan duwatsu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun jefa mutane da yawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su bakin teku, aka tsallako da su nan. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin boren bayi Hausawa a garin. Sannan a daren 24 ga Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmi kusan 600, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da takubba. Kafin gari ya waye an murƙushe su a unguwar Água de Meninos. A jikin waɗanda suka faɗi an samu layu da takardu da rubutun Larabci, ayoyin da ni ma na wanke a allo ina yaro. Sai a 1888 Birazil ta haramta bauta.

Da la'asar na gangara titin Ladeira da Praça, inda faɗan ya fara. Motoci ne kawai da masu sayar da ruwan rake. Na tsaya a gefe na karanta musu Fatiha da Ƙulhuwallahu, a hankali, da irin ƙira'ar da malaminmu ya koya mana.

Mai masaukinmu ya gaya mini akwai ƙaramin masallaci a unguwar Nazaré. Washegari Juma'a ce, don haka na wanke farar kaftanina ɗaya tilo na shanya a ƙarfen gado. Abin da na tarar a can, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.