Kayan cikin rusasshiyar coci a ma'aunin 1:35

Aikin da ke kan teburina a nan Katsina shi ne ƙaramin samfurin wata cocin ƙauye ta yankin Normandi a arewacin Faransa, kamar yadda yaƙin duniya na biyu ya bar ire-irenta bayan saukar sojojin ƙawance ranar 6 ga Yunin 1944. Ina aiki ne da ma'aunin 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a tsakanin masu haɗa samfurin kayan soja, inda mutum mai tsawon santimita 175 yake komawa santimita 5. Bango da hasumiya ba su ɗauke ni lokaci ba, kuma dalilin rushewarsu sananne ne, domin daga saman hasumiya ake hango motsin abokan gaba, shi ya sa manyan bindigogi suka fi auna ta. Wahalar tana cikin ɗakin, saboda kango kowane iri kango ne, kayan ciki ne kaɗai ke shaida cewa nan wurin ibada ne.

Na fara da bagadi, wato teburin da limamin coci ke gabatar da ibada a kansa, kuma a nan ne hotunan zamani suke ɓatar da mutane. A 1944 bagadin cocin Katolika yana jingine ne da bangon ƙurya, limamin yana fuskantarsa ya ba jama'a baya, sannan akwai gajeren shinge tsakaninsa da masu ibada. Bagadin da ke tsaye shi kaɗai, wanda liman ke zagayawa bayansa ya fuskanci mutane, ya yaɗu ne bayan babban taron cocin da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965. Saboda haka na manna nawa a jikin bango, tsawonsa bai kai santimita 3 ba, na ɗora shi a kan matakala, na yi shingen da wayar tagulla da na lanƙwasa a inda dutse ya faɗo masa.

Bencina kuwa sun samo asali ne daga labarin cocin Angoville-au-Plain, wani ƙauye a Normandi, inda ma'aikatan jinya biyu na sojan Amurka, Robert Wright da Kenneth Moore, suka kula da mutum wajen 80 da suka jikkata, Amurkawa da Jamusawa, suna kwantar da su a kan bencina, kuma har yau ana ganin tabon jini a jikin wasunsu. Wannan ya sa ban watsa nawa barkatai ba. Na fere su daga siraran katako da tsinken ashana, mazauninsu milimita 13 daga ƙasa, na jera wasu a gefen da rufin bai faɗo ba, a haɗe biyu-biyu kamar gadaje, da bargo da tsumman ɗaure rauni da na yi da takarda mai laushi jiƙe da gam. Waɗanda ke ƙarƙashin ɓarakar rufin su ne na karya, kuma kowane karaya tana da azarar da ta jawo ta kwance a kanta.

Wanda ya tashi cikin ginin ƙasa ya saba ganin katanga tana zaizayewa a hankali har ta zama tudu mai sulɓi, kamar ragowar ganuwar garin nan, amma ginin dutse fashewa yake yi, ya zubo da kusurwa da kaifi. Totuwar kara tana yankuwa da reza ta ba da ginshiƙin dutse mai kyau idan an shafe ta da garin filastar silin, ƙananan ɓaraguzan kuma daga busasshiyar filastar na farfasa su. A ganina tarin da ke ƙasa ya kamata ya yi daidai da abin da ya ɓace daga bango da rufi, in ba haka ba mai kallo zai ji akwai abin da bai zauna ba ko da bai gane shi ba.

Gilasai masu launi na tagogin manyan majami'u irin ta birnin Chartres an cire su an ɓoye tun 1939, amma na ƙauyuka da yawa a tagoginsu yaƙi ya same su. Na bar ragar dalmar da ke riƙe gilasan a murɗe da 'yan gutsattsarin roba mai launi, sauran kuma na barbaɗa su a ƙarƙashin tagar.

Wani abokina ya tambaye ni abin da ya kai Musulmi ga ƙawata coci, na tuna masa cewa aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci rushewar majami'u tare da masallatai a matsayin ɓarna. Gumaka dai ban sassaƙa ba. Na bar gurbinsu a bango fayau, da alamar inda ƙura ba ta taɓa ba, na rataye gicciyen katako mara siffa a saman bagadin. Abin da ya rage shi ne mumbari da ƙurar farin dutse, wadda zan shafa da busasshen buroshi bayan fenti ya kama.