Sai Wasiƙa Ta Zo Ake Ɗaga Guduma

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ɗan kamfanin gyaran gidaje a yankin Manchester, arewacin Ingila. Mu huɗu ne: ni, da mai aikin famfo, da kafinta, da wani yaro mai koyo. Da farko duk abin da ya samu muke yi, fenti, filasta, sauya taga. Yanzu fiye da rabin aikinmu gyaran gidajen tsofaffi da masu lalura ne, wanda ƙaramar hukuma ke biya. Gidan mutum ne na kansa, shi ya saya da guminsa, amma hukuma ta zuba kuɗi a gyara masa shi don kada ya tashi daga cikinsa.

Tallafin da muka fi aiki da shi ana kiransa Disabled Facilities Grant, a baki kuwa kowa DFG yake cewa. Dokar 1996 ce ta tsara shi, kuma ba alfarma ba ne: in mutum ya cika sharuɗɗa, dole ƙaramar hukuma ta bayar. A Ingila iyakarsa fam 30,000, a Wales fam 36,000. Ana duba samun mai lalurar da na matarsa ko mijinta, da ajiyar da ta haura fam 6,000. Albashin 'ya'yan da ke zaune a gidan ba ya cikin lissafi, kuma wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi kuskurewa. In yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a ma tambayar samun iyayensa.

Gidajen da muke shiga galibi jerin gidajen jan bulo ne da aka gina wa ma'aikatan masaƙu tun zamanin Sarauniya Victoria. Bango ya haɗa ka da maƙwabci dama da hagu, matakala tsaye cak kamar tsani, banɗaki a sama, ga taki biyu ko uku kafin ka kai ƙofar shiga. Mai ƙafa ba ya lura da ko ɗaya. Ranar da ƙafa ta gaza, gidan da mutum ya yi shekara talatin yana biya sai ya koma masa ɗaki ɗaya.

Haka na tarar da wani dattijo mutumin Zariya, tsohon direban bas, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. An sauko masa da gado falo, kusa da talabijin. Wanka a kicin ake yi masa, a zaunar da shi kan kujerar roba, a shimfiɗa tawul a ƙasa, ɗansa yana zuba ruwa da kofi daga bokiti. Na gaishe shi na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Jiki da sauƙi. Ni dai in samu in yi tsarki da hannuna." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ciro tef na fara awo don kada ya ga fuskata.

Ɗan nasa ya ja ni waje ya ce yana da ɗan abin da ya tara, mu fara ranar Litinin, in kuɗin hukuma ya fito a mayar masa. Na ce masa a'a. Ya ji haushi, na kuma fahimci haushinsa, amma na taɓa ganin inda wannan gaggawar ta kai wani gida. 'Ya'ya ne suka haɗa kuɗi, suka fasa banɗaki suka gama aiki tsaf, sannan suka kai takarda. Ko kwabo ba su samu ba, domin doka ta hana biyan aikin da aka riga aka kammala, wanda aka fara ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Tun daga nan ba na taɓa ko tayil ɗaya sai na ga wasiƙar amincewa da idona.

Hanyar zuwa wasiƙar ita ce mai tsawo. Sai an kira sashen kula da manya na ƙaramar hukuma, a sa mutum a layi. Sannan ma'aikaciyar lafiya da ake kira OT ta zo gida ta ga yadda yake tashi, yadda yake zama, wane hannu ne mai ƙarfi, ta rubuta abin da ya zama dole. Jami'in gidaje ya zo ya duba ko ginin zai ɗauki aikin. A nemi ƙiyasin kuɗi daga 'yan kwangila, aƙalla biyu, a nan ne irinmu ke shigowa. Mai gida ya sa hannu cewa da niyyar zama a gidan shekara biyar yake. Doka ta ba ƙaramar hukuma wata shida ta yanke hukunci, amma agogon ba ya fara tafiya sai takardu sun cika. Duk watannin jiran OT ba sa cikin lissafi, alhali a cikinsu ne tsoho ke wanka da bokiti. A ganina nan ne babban gibin tsarin yake. Baba ya yi wata tara daga kiran farko zuwa ranar da muka sauke kaya a ƙofarsa, aikin kansa kuwa kwana tara ya ci.

An sa masa kujerar hawa bene, wannan aikin wani kamfani ne daban. Namu shi ne banɗaki. Muka cire baho, muka ɗaga katakon ƙasa, sai ga biyu daga cikin katakan da ke ɗauke da daɓen sun ruɓe, ruwa ya daɗe yana tsiyaya a kansu ba wanda ya sani. Irin wannan ba ya cikin ƙiyasi. Sai ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka aika wa jami'i, ka jira ya amince da ƙarin, ma'aikatanka kuma kana biyansu ranar. Silin ma ba ma huda shi sai an gwada, domin gidajen da aka yi wa kwaskwarima kafin 1999 akan sami wani sinadarin gini mai suna asbestos a cikin shafen silinsu, ƙurarsa kuma kisa take yi a hankali.

Sirrin irin wannan banɗaki gangara ne. Babu baho, babu dakali, ƙasa ɗaya ce tun daga ƙofa har ƙarƙashin shawa, amma ta ɗan karkata zuwa magudana yadda ido ba zai gani ba sai ruwa ya nuna. In ta yi yawa keken guragu ya zame, in ta yi kaɗan ruwa ya kwanta ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin mai shimfiɗa leda ya zo, nakan zuba bokiti guda in durƙusa in bi ruwan da ido har ɗigon ƙarshe. Ledar mai kaushi ce, ba ta santsi, ana naɗe bakinta ta hau bango. Shawar tana da abin da ke tsare zafi, saboda wanda jikinsa ya shanye ruwa zai iya ƙona shi bai ji ba. Ƙarfen riƙewa kuma ba a ɗaura shi a jikin allon filasta kawai. Mukan sa katako mai kauri a baya, domin ranar da mutum zai faɗi, duk nauyinsa a kan wannan ƙarfen zai sauka.

Akwai abin da nake yi wanda ba ya cikin zanen kowa. Nakan tambayi mai gida yadda yake alwala. OT ta amince muka ɗaura kujerar bango daidai inda ƙafar Baba ke taka ƙasa, muka sauko da maƙalin shawa inda hannunsa mai lafiya zai kai, muka bar ɗan gurbi na buta. Mutane da yawa suna roƙona in ja musu tiyon tsarki kai tsaye daga bututun gida. Ba na yi sai da kariyar da dokar ruwa ta 1999 ta tanada, don kada ruwan masai ya koma cikin na sha. Mafi sauƙi shi ne a faɗa wa OT tun farko, tana iya rubuta masai mai wanke mutum da kansa in lalurar ta kai.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar sai mai haƙuri. Ni ke sayen kaya, ni ke biyan yara duk Juma'a, hukuma kuwa sai an gama, jami'i ya zo ya duba, mai gida ya sa hannu, sannan takardata ta shiga layin biya. Akwai lokacin da ayyuka uku suka maƙale mini a lokaci ɗaya, sai da na ci bashi na biya ma'aikata kafin Sallah. Abin da ke riƙe ni shi ne kuɗin ba ya ɓata, komai daɗewa yana zuwa. Yawancin irin wannan aiki kuma babu harajin VAT a kansa in mai lalura ya cika 'yar takarda, wanda hakan ke rage wa kowa nauyi.

Iyakar fam 30,000 tun 2008 aka sa ta. Banɗaki da kujerar bene suna shiga cikinta ba wahala. Amma in yaro ne mai keke da ke buƙatar a gina masa ɗaki da banɗaki a ƙasa, kuɗin ba ya kaiwa ko kusa, don farashin bulo da katako da ladan ma'aikata duk sun tashi sun bar shi a baya. Wasu ƙananan hukumomi suna cikawa daga aljihunsu ƙarƙashin ikon da dokar 2002 ta ba su, wasu har sukan taimaka da rufin da ke yoyo ko injin ɗumama gida, wasu kuma babu. Titi ɗaya zai raba gida biyu, wannan ya samu, wancan ya rasa. Ina kuma faɗa wa kowa tun kafin ya sa hannu: in tallafi ya wuce fam 5,000 aka sayar da gidan cikin shekara goma, hukuma na iya karɓar wani kaso, har zuwa fam 10,000.

Ranar da muka gama na Baba, ɗansa ya hau da shi, ya zaunar da shi, ya tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Je ka, zan kira ka." Muka sauko ƙasa mu biyu muna jin ƙarar ruwa a bututu. Hajiya ta kawo mana shayi ba wanda ya sha. Can sai muka ji ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu, ɗan ya haura da gudu, ni kuma na fara kwashe kaya zuwa mota.

Yanzu haka ƙiyasi biyar nake da su a hannun jami'ai. Ɗaya na wata baiwar Allah ce da ke kwana a kujera tun watan azumi saboda ba ta iya hawa sama. Na auna banɗakinta, na san inda magudana za ta zauna, kayan ma na san inda zan saya. Wasiƙa muke jira.