Alhamis: sukari, hanji da dusar da muke ba tumaki

Hazo ya rufe duwatsun Birni har hantsi. Ranar kasuwa ce a Damagaram, don haka layin gwajin sukari ya yi tsawo, mutanen Mirriya da Magariya sun haɗa cefane da ganin likita a tafiya ɗaya.

Cikin takardun safe akwai ta wani dattijo mai sayar da hatsi: sukari giram 1.14 a litar jini, bayan ya kwana bai ci komai ba. Ya zaro wata ƴar kwalba daga aljihu, ƙwayoyin furobayotik ne, wato rayayyun bakteriya da ake sha don gyaran hanji, da ɗansa ya aiko masa. "Likita, an ce tsutsar ciki ce ke kawo sukari, wannan kuma yana gyara ta."

"Baba, ba tsutsa ba ce. Kuma ciwon bai kama ku ba tukuna, a bakin ƙofa kuke."

Bakin ƙofar yana da awo. Bayan awa 8 ba ci, daga 1.26 zuwa sama, in an maimaita wata rana aka sake samu, ciwon sukari ne. Daga 1.10 zuwa 1.25 share fagensa ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, likitocin Amurka kuwa daga 1.00 suke farawa. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin wata 2 zuwa 3: kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100 share fage, 6.5 zuwa sama ciwo. Sai dai a nan sai an yi hattara da shi, domin ƙarancin jini da sikila suna iya karkatar da sakamakon. Wanda ya kurɓi shayi da asuba ya ce ai ba abinci ba ne, shi ma takardarsa ta gwajin awa 8 ba ci ta ɓaci.

Maganar hanjin kuwa tana da tushe. Jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, nauyinsu wajen giram 200, galibinsu a babban hanji. Abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa, wato fiba: dusa, ɓawon wake, zaren ganye, yauƙin kuɓewa. In suka ruɓar da shi sai su fitar da sinadarai uku, asetet, furofiyonet da butiret. Butiret ne babban abincin fatar cikin babban hanji, yana sa ta zauna a ɗinke. Sinadaran nan kuma suna zuga hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke taimaka wa fitar insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, bayan cin abinci, yana jinkirta saukar abinci daga tumbi, yana kawo ƙoshi. In fiba ta yi ƙaranci, masu yin butiret sukan ragu, katangar hanji ta yi sako-sako, ɓurɓushin ɓawon wasu bakteriya ya tsallaka cikin jini ya haddasa ƙaramin kumburi marar zafi wanda ba ya ƙarewa. Tsoka da hanta sai su riƙa yi wa insulin kunnen ƙashi. An fi tabbatar da wannan sarƙa a ɓeraye, tun aikin wani mai bincike, Patrice Cani, na 2007. A jikin mutum hujjar tana nan, amma ba ta kai wannan ƙarfi ba.

A 2012 an duba bayan gidan mutum 345 a ƙasar Sin, aka ga masu ciwon sukari na da ƙarancin bakteriya masu yin butiret. A 2013 aka ga makamancin haka a mata 145 a Suwidin. Sai a 2015 aka gano cewa wani ɓangare na bambancin aikin metformin ne, maganin ciwon sukarin da majinyatan ke sha, don shi kansa maganin yana sauya mazauna hanji. Wannan ya rage wa maganar zafi. A Amsterdam kuma an ɗauki bakteriyar hanjin siraran mutane aka zuba wa masu ƙiba: bayan mako 6 jikinsu ya fi jin insulin, zuwa mako 18 amfanin ya gushe. Baƙo ba ya zama inda ba a ba shi abinci. Abin da ya sa ban ga dalilin kashe kuɗi kan kwalbar Baba ba ke nan. Gwaje-gwajen furobayotik sun nuna ɗan ragin sukari, wani lokaci ba komai, kuma zafin shagunanmu na watan Afrilu ba ya barin rayayyun ƙwayoyi da rai yadda takardar jikin kwalba ta faɗa.

Binciken da ya fi kusa da tukunyarmu na 2010 ne. An kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorans na Italiya. Hanjin yaran ƙauyen cike yake da bakteriya irin su Prevotella masu narkar da dusa, kuma sinadaran nan uku sun fi yawa a bayan gidansu. Abincin da suke ci shi ne namu kafin farar shinkafa da burodi da taliya su mamaye gari.

Ga abin da aka rubuta wa dattijon, don a karanta wa uwargida tunda ita ke da madafa.

Babban mutum na buƙatar aƙalla giram 25 na fiba a yini. Dafaffen wake giram 100 yana da wajen giram 6 da rabi, dafaffiyar farar shinkafa mai wannan nauyi ba ta kai rabin giram ba. Don haka a shinkafa da wake, waken ya kai rabi ko ya fi. A jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi lugub. Kada a jibga kanwa don ya yi saurin nuna, musamman ga mai hawan jini, ita ma danginsu ɗaya da gishiri.

Hatsi kuma a rage masa surfe. A wanke, a rege tsakuwa, a surfa sama-sama ko a niƙa da dusarsa. Inda ake samun matsala: garin gero mai dusa yana da mai, yakan yi ɗaci da wari in ya kwana biyu a ajiye, sai a ce tuwon bai yi ba a koma wa fari. A niƙa na kwana 3 ko 4 kawai. Ɓarzajjen hatsi, irin na dambu ko tsaki, ya fi lallausan gari jinkirin ɗaga sukari. Kunu mai ruwa-ruwa da sukari shi ne ya fi sauri. Amma ko da dusa, malmala uku malmala uku ce. A ci ɗaya ko ɗaya da rabi, miyar kuka ko kuɓewa ta yi yawa, a sa kwaɗon zogale a gefe. Aya da gyaɗa cikin tafin hannu sun fi biskit.

Fura da nono ba laifi in ba a zuba sukari ba, kuma a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Yawot na leda mai zaƙi ba ya cikin lissafi. Lemon kwalba ɗaya yana da sukari wajen giram 35, kimanin ƙwaya 7. Shayin majalisa zagaye uku, kowa ya san abin da ake zuba masa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Wanda ya tashi daga farin tuwo zuwa kwanon wake rana ɗaya zai sha kumburin ciki da iska, ya rantse wake ba ya karɓarsa. Iskar alamar bakteriyar na aiki ce. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 4, a sha ruwa sosai, in ba haka ba ciki ya ɗaure.

Sai maganin masu talla. Amoksisilin da Flagyl da ake saye ƙwaya biyu-biyu don kowane murɗar ciki suna share bakteriyar hanji na kirki tare da na banza, wasu nau'o'in kan yi watanni ba su dawo ba. In likita ya rubuta, a sha yadda ya ce. In bai rubuta ba, a bar shi a tiren mai talla.

Wata Hajiya da ke bayansa a layi ta ce ta bar metformin saboda zawo. Aikin maganin ne a hanji, kuma yakan lafa. An mayar da ita kan miligiram 500 sau ɗaya tare da abincin dare, a ƙara bayan mako guda in ciki ya zauna. An kuma ja mata kunne cewa wake da dusa ba sa maye gurbin magani. Mai shan gilibenkilamid, wani maganin sukarin, ko mai allurar insulin ma ya fi buƙatar kula: in ya rage tuwo ba a gyara masa awon magani ba, sukari na iya faɗuwa, ga rawar jiki ga zufa.

Shi Baba ba a rubuta masa magani ba. Babban gwajin Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu share fage da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su yi tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, na masu shan metformin kuwa da kashi 31. Nauyinsa kilo 86, abin da ake nema ya sauke kilo 6. Daga gidansa a Zango zuwa rumfarsa zai riƙa takawa maimakon hawa kabu-kabu, minti 30, kwana 5 a mako. Zai dawo bayan wata 3, ba shayi a cikinsa.

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To dusar nan fa, likita, tumakin gida za su yi ƙarata."