Kududdufi Ba Matatar Ruwan Kwata Ba Ne

A yawancin ƙananan garuruwanmu, ruwan wanka da na wanke-wanke rariya yake bi ya faɗa kwata, kwata ta kai shi kududdufi, motar kwashe masai ma can take juyewa. Mutane na ganin in ruwa ya kwanta ya tace kansa. Ƙazantar ce kawai ta taru, damina na zuwa ta kwashe ta sai rafi.

Don tace ruwan kwata, ƙaramin gari bai buƙatar injin da ke cin wuta da gas. Tafki uku a jere sun isa, rana da lokaci su yi aikin. Kafin ruwa ya shiga na farko, a sa ragar ƙarfe ta tare leda da tsumma, da ɗan rami inda yashi zai kwanta.

Tafkin farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 5. Ruwa na kwana ɗaya ko biyu a ciki, datti mai nauyi ya nutse, ƙwayoyin bakteriya da ba sa son iska su cinye fiye da rabinsa idan da zafi. Na biyu zurfinsa mita ɗaya da rabi, amma da faɗi, don hasken rana ya ratsa. Nan gansakuka ke samar da iskar da ƙwayoyi ke amfani da ita su ƙarasa dattin. Na uku, mita ɗaya, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta.

Ga lissafi: gari mai mutum 10,000, kowa na zubar da lita 50 a yini, lita 500,000 ke nan. In ana son ruwan ya yi kwana 10 a tafki na biyu, ana buƙatar fili kamar sulusin hekta. Da sanyin Disamba da Janairu ake lissafi, ba da zafin Afrilu ba, domin hunturu na rage ƙarfin ƙwayoyin. A daɓe ƙasan tafki da yumɓu sosai, in ba haka ba rijiyoyin maƙwabta za su gurɓace. Mashiga da mafita kuma su kasance a kusurwoyi masu nisa da juna. In suna kusa, ruwa zai yanke hanya ya fice ɗanye.

Launin tafki na biyu shi ke faɗa maka lafiyarsa. Kore shar, lafiya lau. In ya koma ja-ja ko toka-toka, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai, kaya ya yi masa yawa, galibi don taɓo ya cika na farko. Da taɓon ya kai sulusin zurfin tafkin farko a yashe shi. Kainuwa kuwa a kwashe ta tun tana ƙarama, tana toshe rana, ciyawar gefe kuma gidan sauro ce.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ke gangare. Da rani rafi ya janye, ruwan da gari ya sako shi ne kusan duk abin da ke gudu, da shi mai lambu ke ban-ruwan latas da kabeji, kamar yadda ake gani a bakin Jakara a Kano. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce ruwan da za a ba ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsar ciki ɗaya a lita, ƙwayoyin bayan-gida kuma kada su wuce 1,000 a mililita 100. In dattin ya yi yawa, iskar cikin rafi kan ƙare cikin dare, da asuba a tarar kifi ya taso matacce.

Ruwan majema, na marina da baƙin man gareji kada su shiga layin nan ko kaɗan. Tafki ba ya narkar da sinadarin kuromiyom na jima. A taɓo yake taruwa, taɓon nan kuma manomi zai zo ya ɗiba ya kai gona a matsayin taki.