Eddie Robinson, Kocin da Ya Yi Shekara 56 a Makaranta Ɗaya

Duk lokacin da aka zo maganar kociyoyi, sunan da yake fara zuwa mini a rai shi ne Eddie Robinson na jami'ar Grambling da ke jihar Luwisiyana a Amurka. Ƙwallon da ya koyar irin tasu ce ta Amurkawa, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a guje da ita ana ture-ture sanye da hular kwano. A can, wasan ɗaliban jami'a kan cika fili maƙil.

An haife shi a 1919. Mahaifinsa manomi ne a gonar wani, ana raba amfani, mahaifiyarsa kuma 'yar aikin gida ce. Bayan ya gama kwalejin Leland bai samu aikin da ya dace da karatunsa ba, sai ya shiga wata masana'antar abincin dabbobi a Baton Ruj. Daga nan ne aka ɗauke shi koci a 1941, yana ɗan shekara 22, a wata ƙaramar makarantar baƙar fata wadda daga baya ta zama Grambling.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aikin yake a farko. Ba shi da mataimaki. Shi ke shata layukan fili da hannunsa, shi ke ɗaure wa yara ƙafa kafin wasa, idan an tashi kuma ya zauna ya rubuta rahoton wasan ya aika wa jaridu. In za su yi tafiya, sai ya haɗa musu guzurin burodi, domin a Kudancin Amurka na lokacin, gidajen abinci na bakin hanya ba sa sayar wa baƙar fata. Da haka, a shekararsa ta biyu, 1942, suka ci wasanninsu 9 duka, ba wanda ya samu ko maki ɗaya a kansu.

Sannan ga ƙararrawarsa. Tun da sassafe yake bi ɗaki-ɗaki a kwanan ɗalibai yana kaɗa irin ƙararrawar da ake rataya wa shanu, ya tashe su su karya kumallo su tafi aji. Ni wannan ce ta sa nake ganin girmansa fiye da kofuna. Ya san yawancin yaran nan ba za su ci abinci da ƙwallo ba, takardar digiri ce za ta rufa musu asiri.

Duk da haka, sama da 200 cikin 'yan wasansa sun shiga manyan ƙungiyoyin ƙwararru. Tank Younger ya buɗe ƙofa a 1949, shi ne na farko daga jami'o'in baƙar fata da ya shiga NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon a Amurka. Doug Williams kuwa, a Janairun 1988, ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya a matsayin mai jefa ƙwallo ta ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, lokacin da ƙungiyarsa ta Washington ta lallasa Denver 42 da 10. A wancan zamanin akwai masu cewa baƙi ba su da kan riƙe wannan matsayi.

A 1985 ya ci wasansa na 324, ya wuce tarihin yawan nasara na Bear Bryant, tsohon kocin jami'ar Alabama. Ya ajiye aiki a 1997 da nasara 408.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Shekaru uku a jere an fi cin su fiye da yadda suke ci, har aka fara matsa masa ya sauka. Wannan yana mini ciwo, domin mutumin da ya gina wuri daga ƙasa bai cancanci a tura shi bakin ƙofa ba. Ɗalibinsa Doug Williams ne ya gaje shi. Robinson ya rasu a Afrilun 2007 bayan fama da cutar mantuwa, ya bar matarsa Doris, wadda ya aura a shekarar da ya fara aikin.