Hunturun da na yi a cikin tsohon jirgin ruwa a Ingila

Mai auna ƙarfen ya kwanta a ƙarƙashin jirgin, guduma a hannu ɗaya, ƙaramar na'ura a ɗayan, yana ƙwanƙwasawa yana rubuta lamba da alli. Ni ina tsugune a gefe, kuɗin da na shekara huɗu ina tarawa suna asusu, ban riga na biya ba. Inda ya rubuta 5 ko 6 sai ya wuce abinsa. Da ya iso ta baya, daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgin, ya rubuta 3, ya zagaye lambar, ya ɗago ya dube ni. Sa'ad da aka ƙera jirgin, kusan shekara 40 baya, kaurin ƙarfen gefensa milimita 6 ne. Tsatsa ta cinye rabi. A bazarar 2022 ke nan, a wani wurin gyaran jirage kusa da Braunston, ƙauyen da kanal ɗin Grand Union ya haɗu da na Oxford.

Kanal ɗin nan ba irin na Kadawa ba ne da ake ban ruwa da shi. Hanyoyin sufuri ne da Turawa suka haƙa da hannu tun zamanin injiniya James Brindley, wajen 1760, don jigilar kwal da kaya, doki yana tafe a gefe yana jan jirgi da igiya. Ƙofofin ruwan da ke ɗaga jirgi ko sauke shi idan an zo tudu ƙunci gare su, shi ya sa faɗin jirgin bai wuce ƙafa 6 da inci 10 ba. Tsawo kuwa akwai masu ƙafa 70. Nawa 45 ne: ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwa, saura ƙiris ka taɓa bango biyu. Abin da ya kai ni kuwa hayar ɗaki ce a garin Rugby, wadda ke lashe kusan rabin albashina na aikin dare a sito.

Wannan awon ya sa mai jirgin ya rage mini kuɗi, ragin kuma ya tafi wajen mai walda, wanda ya lulluɓe wurin da sabon farantin ƙarfe. Sauran aikin waje ni na yi da hannuna: kankare gansakuka, shafa kwalta hawa uku, a bar kowane hawa ya bushe. Aka manna sabbin dunƙulen ƙarfen nan da tsatsa ke ci a madadin jirgi. Duk wannan aiki ne na ƙarfi, ba na dabara ba, kuma duk shekara biyu ko uku sai an maimaita kwaltar.

Abin da na'urar awo ba ta nuna ba yana ciki. Da na ɓamɓare katakon bango a wajen kicin, sai na tarar farin soson da aka sa don tare sanyi, irin wanda ake kunshe sabuwar talabijin da shi, ya zame ya taru a ƙasa. Bayansa ƙarfe ne tsirara, jawur da tsatsa, bayan katakon kuma baƙi ƙirin da fumfuna. Ba daga kanal ruwan ya shigo ba. Numfashin mutanen da suka kwana a ciki shekara da shekaru ne, da tururin girkinsu, yake taɓa ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa ya gangara. Na gani da idona, na kankare, na yi fenti, na kira masu fesa kumfa suka rufe ƙarfen tun daga kicin har falo. Da aka zo ɗakin kwana kuɗi suka ƙare, na ce a bari sai baɗi. Amma ban ɗauki darasin da bangon nan ya karanta mini ba.

Ni ɗan Funtuwa ne, na san sanyi. Sai dai sanyin da na sani busasshe ne, mai fasa leɓe da kaushi. Maganinsa tun muna yara guda ne: a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon wuta, a ƙudundune. Sanyin Ingila a kan ruwa jiƙaƙƙe ne. Tun farkon Nuwamba nake farkawa in ga gilashin taga yana zubar da ruwa kamar an watsa masa buta. Wata safiya na ɗaga katifa, na tarar ƙasanta sharkaf, katakon gado ya soma tabo. Babbar rigata ta shadda da na adana a can ƙuryar kabad, wadda ke jingine da bangon da ban gyara ba, ta yi ɗigo-ɗigon kore a wuya da aljihu. Na daɗe riƙe da ita a hannu, don Hajiyarmu ce ta aiko mini da ita.

A makon biyu na Disamban 2022 sanyi ya sauko da gaske, kanal ya daskare. A rufin kowane jirgi akwai wasu ƴan ƙofofin iska masu hula, a ƙasan ƙofar shiga kuma akwai raga. Ina kwance ina jin iska mai sanyi tana sauka a kaina ta nan, sai hannuna ya yi abin da ya saba tun gida: na yayyaga tsohon tawul na toshe su duka. Da dare, kafin in kwanta, na kwashe tokar murhu a bokitin ƙarfe. Waje akwai santsi, kuma tokar da ɗuminta, sai na ajiye bokitin a gindin matakala, a ciki.

Wajen ƙarfe uku na dare ƙarar na'urar gargaɗi ta tashe ni. Tun Afrilun 2019 dokar lafiyar jirage ta wajabta a sa wannan na'ura mai jin iskar nan mai guba, kabon monoksaid, kuma ni don in samu takardar shaida kawai na saye ta. Kaina kamar an ɗaure shi da igiya, zuciyata tana tashi, ƙafafuna ba ƙwari. Ba hayaƙi, ba wari, ba komai da ido ko hanci zai kama. Na banka ƙofar baya na fita da singileti, na durƙusa a kan ciyawar da ta daskare ina jan numfashi ina salati.

Wani dattijo Bature da jirginsa ke bayan nawa ya fito da tocila, ya jefa mini bargo. Bai bar ni na koma ciki ba. Shi ya riƙe numfashi ya leƙa, ya fito da bokitin ya ajiye a kan hanya, ya tona tokar da sanda, sai ga garwashi ja a ƙasa. Ya haska rufin, ya ga bakin tawul yana leƙowa. Ya ce mini, ɗana, waɗannan ramukan ba ado ba ne, jirgi da su yake numfashi, kai ma haka. Shi ya matsa sai da na je asibiti aka duba ni a daren. Da na dawo ya zaunar da ni a jirginsa, ya nuna mini tagarsa a ɗan buɗe, murhu yana ci a hankali, gilashi a bushe, ɗaki da ɗumi. Shekara fiye da 20 yana kan ruwa.

Daga ranar na sake tsari. Wutar murhu ba ta mutuwa dare da rana, amma ƙanana: da dare in zuba kwal marar hayaƙi, in rage mata iska, da asuba in tarar da garwashi. Zafin murhu busasshe ne, yana jan iskar ɗaki ya fitar ta bututu, sabuwa ta shigo ta waɗannan ramukan da na toshe. Toka tana fita waje nan take, a bokiti mai murfi. In zan tuƙa tuwo sai na buɗe taga, don wutar gas kanta tana ƙara laima, balle tururin tukunya. Na huda katakon gado da yawa, na janye kaya daga jikin bango. Na ƙaro na'urar gargaɗi ta biyu na rataye ta kusa da kaina. Buhun kwal mai kilo 25 yakan kai ni kwana huɗu ko biyar a irin wannan sanyi.

Kwana goma muka yi ƙanƙara ta riƙe mu. Lasisin da nake da shi daga hukumar Canal & River Trust, wadda ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwa tun 2012, na marasa matsaya ne, watau kada ka wuce kwana 14 a wuri guda. Na sanar da su halin da ake ciki, don tura jirgi cikin ƙanƙara yana kankare kwaltar da na sha wahalar shafawa, yana kuma dukan jiragen mutane. Jirgin da ke kawo mana kwal da dizal da tukunyar gas shi ma ya maƙale a wani wuri, sai a baro muke ɗauko buhuna daga bakin gada. Famfon gefen kanal ya daskare, tankina ya kusa ƙarewa, na koma cika jarka biyu daga wurin aiki. A nan na koyi alwala da kofi ɗaya na ruwan da ke kan murhu, ba tare da na rage komai ba. Sola kuwa a Disamba suna ne kawai, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai in tayar da inji awa biyu don batir, tsakanin takwas na safe da takwas na dare kamar yadda doka ta ce. Dattijon ya ba ni labarin hunturun 1962 zuwa 1963, lokacin yana yaro, da kanal ya daskare makonni, masu jigila suka rasa ciniki, da yawansu ba su sake komawa ruwa ba.

Da dare, in iska ta motsa, ƙanƙarar takan yi wani kuka mai tsawo a jikin ƙarfe, kamar ana jan sarƙa daga nesa. Daren farko na firgita. Daga baya har jiransa nake yi.

Ban gaya wa Hajiya labarin tokar ba sai da ƙanƙara ta narke. Ta yi shiru, ta ce, ɗan nan, ko a nan gida kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ya sha kashe mutane, mu dai muna cewa kwana ne ya ƙare. Ta ce in kai wa dattijon gaisuwarta, in kuma faɗa mata ta ina nake fuskantar gabas tunda gidan nawa yawo yake yi. Na ce duk inda na ɗaure igiya sai na duba waya na shimfiɗa darduma a karkace, don faɗin falon bai ɗaukar ta a miƙe.

A watan Afrilu na matsa zuwa Hillmorton, kusa da Rugby, na ɓamɓare bangon ɗakin kwana. Ƙarfen yana jiƙe har lokacin, da sabbin layukan tsatsa na hunturu ɗaya tak. Na bar ƙofofi a buɗe mako guda ya bushe, sannan na ɗauko burushin ƙarfe.