Gizo-gizon wasan Limbo da yaron da ba shi da makami

Na daɗe ina buga wasannin bidiyo a waya da kwamfuta, amma babu wani abokin gaba da ya zauna mini a rai kamar gizo-gizon da ke cikin Limbo, wasan da kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ya fitar a shekarar 2010. Wasan baƙi da fari ne tun daga farko har ƙarshe, babu magana a cikinsa, kuma wanda kake sarrafawa ƙaramin yaro ne da ya farka a tsakiyar daji, ba ka ganin komai a fuskarsa sai fararen idanu biyu. Yaron yana iya tafiya da tsalle da hawan tsani ko igiya, yana iya ja ko tura abu, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan, domin ko sanda ba a ba shi ba.

A haɗuwar farko ba ka ma gane cewa dabba ce, saboda ƙafafunta sun saje da rassan wata bishiya, sai ka matso kusa sannan reshe ɗaya ya miƙe a hankali ya soke yaron. Sau da yawa na mutu a wurin kafin na lura da wani tarkon ƙarfe da ke maƙale a saman wata bishiya a baya. Dabarar ita ce ka tsokani gizo-gizon har ya daki ƙasa, girgizar ta sa tarkon ya faɗo, sannan ka turo shi daidai inda ƙafar za ta sauka. Haka za ka yi har ƙafafu 3 su guntule, sannan ya janye ya ba ka hanya. A nan na fahimci cewa masu wasan ba su ƙirƙiri wannan halitta domin a yi faɗa da ita ba, sai domin ta zama kacici-kacici mai rai, wanda fushinsa ma kayan aiki ne a hannun mai lura.

Jagoran aikin, Arnt Jensen, mutum ne mai tsoron gizo-gizo, kuma daga wannan tsoron nasa ne halittar ta samo asali. Ana ganin haka a yadda take motsi, domin ba ta gaggawa, kuma ba ta kuwwa irin ta dodannin sauran wasanni. Jim kaɗan bayan ka ɗauka ka tsira, sai ƙafafun yaron su maƙale a yana, gizo-gizon ya sauko ya naɗe shi tamkar likkafani ya rataye shi, kuma ko bayan ya fizge ya faɗo, sai dai ya riƙa tsalle a ɗaure yana tsallake ramuka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wasan ya juya mini tatsuniyoyin da na taso da su. A wurinmu Gizo mijin Ƙoƙi shi ne ƙaramin da ba shi da ƙarfi, mai tsamin baki da kwaɗayi, wanda yake yi wa Zaki da Kura da Giwa wayo ya kwana lafiya. A Limbo kuwa ƙarfi da girma suna wajen gizo-gizo, yaron ne ya gaji halin Gizo, shi ne mai ɗana tarko, shi ne mai sa babba ya cuci kansa da kansa. Ban ce mutanen Denmark sun san tatsuniyarmu ba, amma Bahaushen da ya riƙe wannan wasa da wuya ya kasa jin cewa an yi musayar matsayi.

Daga baya gizo-gizon ya dawo yana bin yaron da sauran ƙafafunsa, har aka kai inda wani ƙaton dutse ya gangaro ya buge shi. Da a nan aka tsaya, da na ce an yi adalci, kowa ya kama gabansa. Sai dai can gaba za ka sake tarar da shi kwance, saura ƙafa ɗaya tak, kuma da ita yake ƙoƙarin kai maka sara na ƙarshe. A gabanka akwai rami cike da abubuwa masu tsini wanda ba ya tsallakuwa, kuma babu wata hanya sai ka kama wannan ƙafar ka ja har ta cire daga jikinsa, sannan ka mirgina gangar jikin kamar ƙwallo ka jefa ta cikin ramin ka taka ka wuce.

Na ɗan jima ina zagaye wurin ina neman wata mafita, ko akwati ko igiya, domin zuciyata ba ta so ba, duk da cewa wannan dabba ta kashe ni fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Babu akwati, babu igiya, kuma wasan ba ya ci gaba sai ka yi da hannunka. Na ja ƙafar, na ji ƙarar cirewarta a kunnena, na mirgina shi cikin ramin, yaron ya taka bayansa ya haye, fararen idanun nan nasa ba su sauya ba ko kaɗan.